Kare ƙaramin layin dogo na cikin lambu: sharhi kan aikin wani shagon walda a Sabon Garin Zariya

Masu shimfiɗa ƙaramin layin dogo a cikin lambun gida domin su riƙa tuƙa 'yan jiragen ƙasa na kwaikwayo ba su da yawa a Zariya, kuma kare irin wannan layi daga lalacewa ba sana'a ce da ake buɗe wa shago a nan ba. Wanda yake son a tsare masa dogonsa daga ƙura, ruwa, gara da ƙafar mutane, dole ya nufi masu walda da magina, ya yi musu bayanin abin da ba su taɓa yi ba. Wannan sharhi ya shafi ɗaya daga cikin irin waɗannan shaguna ne, wanda ke Sabon Gari, kuma aikinsa na yau da kullum shi ne ƙofofi, tagogin alminiyam da kejin janareta. Na ba su aikin kare layi mai tsawon kimanin mita 30 da ke zagaye da bayan gida, sun gama a cikin hunturu, kuma tun daga lokacin aikin ya ga bazara, ya ga damina, ya sake ganin wani hunturun, saboda haka akwai abin da za a iya faɗa a kansa da hujja.

Ya kamata a fara da sanin irin dogon da ake magana a kai, domin daga nan ne ake gane abin da ke cutar da shi. Tazarar da ke tsakanin ƙarafansa biyu milimita 45 ce, wato ma'aunin da kamfanin LGB na Jamus ya yaɗa tun daga 1968, lokacin yana birnin Nuremberg, kafin kamfanin Märklin ya saye shi a 2007. An ƙera jiragensa a kan ƙanƙantar 1 cikin 22.5, ma'ana tazarar milimita 45 tana wakiltar dogo mai faɗin mita guda, wanda bai yi nisa da milimita 1,067 na tsohon dogonmu da ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911 ba. Ƙarafan na tagulla ne, tsayinsu daga ƙasa bai wuce milimita 8.4 ba, suna zaune a kan 'yan silifofi na roba mai jure rana, wato sandunan da ke gicciye a ƙarƙashin dogo. Wutar da ke tuƙa jirgin, wadda ba ta wuce bolt 24, ta cikin waɗannan ƙarafa take bi, ƙafafun kan jirgin su ɗauke ta. Don haka abokan gaba iri biyu ne: abin da zai ɗaga ƙafar tarago ta sauka daga layi, da abin da zai shiga tsakanin ƙafa da ƙarfe ya hana wuta wucewa. Tagulla ba ta tsatsa, kuma an yi dogon ne domin ya kwana a waje, amma yawancin shawarwarin da ake samu a intanet an rubuta su ne domin lambunan Jamus da Ingila, inda damuwarsu ita ce ƙanƙara, gansakuka da ganyen kaka. Namu matsalolin daban suke.

A Zariya kowane lokaci na shekara da irin ɓarnarsa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu takan kawo ƙura mai laushi, wadda da yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, kuma a dare ɗaya takan rufe saman ƙarfe har jirgi ya riƙa tafiya yana tsayawa. Kafin ta gama wucewa rimi ya fashe, audugarsa ta bi iska ta nannaɗe a jikin sandunan ƙafafun taragu. A Maris da Afrilu sai zafin rana da faɗowar mangwaro, sannan hadarin farkon damina mai iska ya karyo rassa. Ruwan da ke sauka a shekara ya kai kimanin milimita 1,000, mafi yawansa a 'yan watanni, kuma na Agusta yakan zo da ƙarfin da zai kwashe tsakuwa ya bar dogo a rataye. 'Ya'yan darbejiya da tsuntsaye da jemagu ke yarwa kuwa, ƙwallo ɗaya ya isa ya kayar da kan jirgi idan ya faɗa a mararraba, inda jirgi ke sauya layi. Ga gara, ga kaji masu tono, ga aya-aya da ke huda duk abin da aka shimfiɗa mata.

Abin da na je nema a shagon murafe ne kawai, amma maigidan wurin, bayan ya zo ya zagaya filin ya ga inda ruwan indararo ke bi, sai ya ce: "Alhaji, ka bar maganar murfi tukuna. Idan ƙasa ba ta zauna ba, duk abin da muka ɗora a kai asara ce." Wannan shawara ita ce mafi daraja a cikin duk abin da na biya kuɗinsa, kuma ita ce dalilin da ya sa nake ganin shagon ya cancanci a rubuta game da shi. Ya kawo birkilan da suke aiki tare, suka ɗaga layin gaba ɗaya a kan dakali mai jeri biyu na bulo, wato tsayin kusan santimita 45. Sun gina bango biyu masu fuskantar juna, suka cika tsakaninsu da marmara suka daddaɓe ta sosai, suka zuba manyan tsakuwa, sannan a sama suka baza ƙananan tsakuwar dutse da aka fasa a inji. A gindin bangon, kowane taku biyu, sun saka guntun bututun roba domin ruwa ya sami mafita. Maigidan ya ƙi yarda a yi amfani da tsakuwar rafi duk da ta fi sauƙin samu, yana mai cewa mai sulɓi ce kuma mirginawa take yi, alhali fasasshen dutse yana da kusurwoyi da ke cije juna. Wannan shi ne ainihin dalilin da ya sa babban dogo ma a kan fasasshen dutse yake kwance, kamar yadda duk wanda ya tsallaka layi a kusa da tashar Sabon Gari zai iya gani. Haka kuma ya ƙi saka katako ko ɗaya a cikin aikin, saboda gara.

Damina ta gwada wannan dakali kuma bai gaza ba. A ranakun da ruwa ya kwanta a tsakar lambun har ya rufe idon sawu, saman dakalin ya tsane cikin ɗan lokaci, ana ganin ruwa yana fita ta bakin bututan. Babu inda ya nutse, kuma da na ɗora ma'aunin lebur a gicciye kan ƙarafan bayan ɗaukewar ruwa, ban sami wurin da gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo ba, wanda shi ne abin da ya fi kayar da taragu a kwana. Ɗagawar ta kuma magance abubuwan da ban lissafa da su ba. Tsintsiyar mai shara ba ta ƙara watsa yashi kan dogo, ƙafar baƙo ba ta taka shi, kaji sun rage hawa, kuma mutum yana iya share layin a zaune kan kujera maimakon durƙuso. Aya-aya ta leƙo a wurare biyu ko uku, amma a cikin tsakuwa cire ta ba wuya.

Murafen kansu an yi su ne gaɓa-gaɓa, kowanne tsawon mita guda, da firam na alminiyam mai kusurwa, da rufin falle a sama mai ɗan tudu a tsakiya domin ruwa ya gangare, da ragar sauro a gefe biyu. Ba su da nauyi, yaro ma yana ɗaga su, kuma an ɗan buɗe ƙasansu yadda suke shiga cikin juna idan an tara su, kamar jeren kwanukan samira. Ɗinkin kusoshinsu yana da tsabta, an goge bakin fallen babu inda zai yanki hannu. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka bi da wuraren da layin ya yi kwana. Kwanar da ta fi matsewa a irin wannan dogo tana da nisan milimita 600 daga tsakiyar da'ira, kuma guda 12 ne ke haɗa cikakken zagaye, don haka miƙaƙƙen murfi ba zai zauna a kanta ba. Yaran shagon sun zo da kwali suka yanka shi a kan dogon, suka rubuta lamba a kowane yanki, suka koma suka ƙera murafen a kan wannan siffa, kuma lambobin suna nan a cikin kowane murfi domin kada a rikita su. Da na yi musu bayanin cewa idan alminiyam ya taɓa ƙarafan biyu a lokaci guda wuta za ta haɗu, kuma idan ya daɗe manne da tagulla cikin danshi alminiyam ɗin ne zai cinye, sai suka yanka tsohon tub na taya suka liƙa a ƙafafun murafen, suka kuma tabbatar sun sauka a kan bulo, nesa da ƙarfe.

Dangane da abin da murafen suke tarewa, sai a raba magana biyu. Mangwaro, rassa, kashin tsuntsaye, ƙwallon darbejiya da audugar rimi duk sun tsaya a waje, kuma akwai murfi ɗaya a ƙarƙashin bishiyar mangwaro da ya lotsa sakamakon faɗowar reshe, wanda da a kan dogon ya sauka da sai an sayo sabon yanki daga ƙasar waje. Ƙurar hunturu kuwa ba ruwanta da ragar sauro, ta cikinta take wucewa ta kwanta yadda ta saba, sai dai ta ɗan ragu. Wannan ba laifin shagon ba ne, domin da sun toshe gefen da falle da zafi da danshi sun taru a ciki, amma wanda yake tsammanin murfi zai raba shi da sharar dogo ya sauya tunani. Inda aka toshe gaba ɗaya shi ne a kan mararraba, wato wurin da jirgi ke sauya layi, kuma nan ne kuɗin murfi ya fi biyan kansa. A mararraba akwai siririn harshen ƙarfe da ke motsawa ya manne da babban ƙarfe, kuma ƙwayar tsakuwa ɗaya a tsakaninsu ta isa ta hana shi rufewa, ga kuma ɗan injin da ke tura shi, wanda ƙura ke shiga cikinsa ta daskare. Akwatunan da suka yi wa waɗannan wurare suna da leɓen roba a ƙasa, kuma bayan hunturu guda cikinsu ya fi ko'ina tsabta a layin.

Sai dai duhu da sanyin da ke ƙarƙashin murfi suna da masu so. A damina kwaɗi da ƙadangaru sun mayar da wurin masauki, an kuma sami kunama a ƙarƙashin akwatin mararraba, saboda haka ba a zura hannu sai an ɗaga an duba. Gara ba ta cin tagulla, amma ta hau ta cikin bango a inda busasshen ganye ya maƙale, ta gina hanyarta ta laka a kan silifofi har ta kai gefen ƙarfe, kuma da yake murfi ya ɓoye ta, ta yi nisa kafin a gani. Murfin da ba a ɗagawa a kai a kai yana iya ɓoye ɓarnar da ta fi wadda yake tarewa.

Babban aibin aikin ya fito ne a wajen ɗaure dogon, kuma ya samo asali daga ɗabi'ar sana'ar walda kanta. Mun yi yarjejeniya cewa dogon zai kwanta ne sake a cikin tsakuwa, a ɗaure shi kawai a mararraba da bakin gadar da ke kan hanyar zuwa famfo. Yaran da suka ƙarasa aikin sun binne intalok kowane rabin mita, suka ɗaure silifofi a kansu da sukurori, suka matse bakin ƙarafan da juna babu tazara, sannan suka baza garin dutse ya rufe kawunan sukurorin. Sun yi wannan ne da sanyin safiyar Disamba, lokacin da ƙarfe yake a mafi gajartarsa. Tagulla tana miƙewa da kimanin milimita 0.019 a kowace mita idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya, kuma ƙarfen da ke kwance a rana yana fin iskar da ke kewaye da shi zafi nesa ba kusa ba. Idan bambancin da ke tsakanin asubahin hunturu da azahar ɗin Afrilu ya kai digiri 40, kowace mita za ta ƙaru da milimita 0.76, mita 10 kuma da milimita 7.6. A miƙaƙƙen layin da ke fuskantar ranar yamma wannan ƙari bai sami inda zai tafi ba, sai ya tura mahaɗin da ke bakin kwana gefe, ya karya 'yan haƙoran roba da ke riƙe ƙarfe a silifofi da dama, kuma duk jirgin da ya zo wurin sai ya sauka.

Da na kira maigidan na ce masa, "Malam, ƙarfen nan yana buƙatar wurin miƙewa, shi ya sa muka ce kada a ɗaure," amsar da ya ba ni ita ce: "Alhaji, mu a wajenmu abin da yake motsi bai ɗauru ba." Ya faɗi gaskiyar sana'arsa, domin ƙofar da ke rawa ba ƙofa ba ce, amma dogo ba haka yake ba. A nan zan yaba masa da cewa bai yi gardama mai tsawo ba, ya turo yara suka kwance sukurorin ba tare da ƙarin kuɗi ba, ko da yake silifofin da suka karye ni na maye gurbinsu. Wajen sake jera dogon mun yi amfani da katin cirar kuɗi na banki a matsayin ma'auni, domin kaurinsa milimita 0.76 ne daidai, muka riƙa saka shi a tsakanin bakin ƙarafa kusan kowace mita. Wannan tazara ta dace ne idan da sanyin safiya ake aikin, amma wanda ya jera dogonsa da tsakar ranar bazara yana iya matse bakin, tun da ƙarfen ya riga ya miƙe iyakarsa.

Akwai ƙananan kurakurai guda biyu da suka gyara daga baya. Sun shafa wa murafen baƙin fenti domin su dace da ƙofar gida, sai ya zama da rana ba a iya taɓa su, aka sake su da fari. Haka kuma ba su yi musu maƙalli ba, hadarin farko na damina ya kwashe wasu ya jefa jikin katanga, daga nan suka ƙara ƙugiya a kowane gefe. Gadar da suka yi a inda hanyar zuwa famfo ta ratsa layin kuwa ta fito daidai tun farko, domin sun ɗora hinjinta sama da saman ƙarfe, yadda idan an ɗaga ta bakin ƙarafan ba sa cin juna.

Tun da murfi bai kawar da ƙura ba, sharar dogon ta rage a kan mai shi, kuma jerin yadda ake yin ta yana da muhimmanci. Ana fara kaɗe ƙurar da burushi mai laushi irin na fenti, sannan a bi da tsumma mai ɗan danshi, sai a ƙarshe a goge saman ƙarfen. Idan aka fara da guga, ƙurar da ke ɗauke da ɓarɓashin yashi ita za ta karce tagullar. LGB yana sayar da wani ɗan dunƙulen gogewa mai lamba 50040 domin cire dusashewar da ke hana wuta wucewa, kuma ko babu shi, abin kiyayewa shi ne kada a kusanci dogon da samfefa mai kaushi irin ta masu walda, domin ƙananan ramukan da take bari su ne datti ke zama a ciki. Mai da giris ma ba su da wuri a kan ƙarfe ko a harshen mararraba, tun da a hunturu ƙura suke kamawa su zama laka, garin bakin fensir ya wadatar a inda ake son sulɓi. Na ga ya dace a faɗi haka ne saboda yaran shagon, da kyakkyawar niyya, sun so su shafe mahaɗan da giris kafin su tafi.

Ta fuskar mu'amala, mutanen wurin suna da ladabi da haƙurin sauraro, kuma ba su raina aikin ba duk da cewa a idon mutane da yawa kayan wasan yara ne. Lokaci ne ba su cikawa. Sun karɓi kafin alƙalami mai kauri domin sayen alminiyam, sannan wani babban aikin tagogi ya shigo musu, namu ya koma gefe, aka yi ta "gobe in sha Allahu" har wa'adin ya ninka. Ba su ɓoye lissafi ba, sun nuna rasit na kayan da suka saya, kuma daga nan ne na ga cewa murafen sun ci kuɗi fiye da dakalin da gadar a haɗe, alhali dakalin ne ya fi yin aiki. A sashen da ke fili, inda babu bishiya a sama, murafen sun zama ƙarin wahala kawai, domin kafin a tuƙa jirgi na ɗan lokaci sai an ɗage su ɗaya bayan ɗaya an tara, a kuma mayar. Yanzu na bar wannan sashe a buɗe, kuma bai fi rufaffen datti da wani abin kirki ba.

Wanda zai ba su irin wannan aiki, ko wani shago makamancinsu, zai fi cin riba idan ya sa kuɗinsa a dakali da magudanar ruwa, ya yi akwatin mararraba, ya rufe abin da ke ƙarƙashin bishiya kaɗai, sannan ya tsaya da kansa a ranar da za a jera dogon. Ya kuma san cewa ɓangaren wuta ba ya cikin abin da suka iya. Mahaɗan da ake zurawa a bakin ƙarafa sukan saki da miƙewa da tsukewar shekara, ƙura ta shiga cikinsu, jirgi ya riƙa rage gudu a nesa da taransifomar da ke ba layin wuta. Maganin wannan shi ne maɗauran da ake matsewa da sukuru, irin waɗanda kamfanin Massoth na Jamus ke yi, ko a haɗa kowane yanki da na gaba da guntuwar waya da dalma, wanda mai gyaran rediyo zai iya yi idan yana da ƙarfen dalma mai zafi sosai, tun da tagulla mai kauri tana saurin janye zafi. Idan an yi amfani da maɗauran sukuru, sai a bar wasu mahaɗai masu zamewa a tsakiyar dogayen sassa, a tsallake su da waya mai ɗan lanƙwasa, domin ƙarfen ya ci gaba da samun wurin miƙewa.